Waken da Na Hana Kawu Shukawa

Ni ne na yi laifi. Na daɗe ina raba laifin nan kashi-kashi, in ba kamfani nasa, in ba kwaleji nata, in ba fari da cutar gyaɗa nasu, don in ga ko abin da ya rage zai yi mini sauƙin ɗauka. Bai taɓa yi ba. Yanzu da girma ya zo, na ga gara in rubuta abin yadda ya faru, tun ina iya riƙe alƙalami.

Ni mutumin Batsari ne. Mahaifina mahauci ne a kasuwa. Uwata kuwa 'yar Darini ce, daga wani babban gidan manoma waɗanda ba su daɗe da barin al'adun kakanni suka shiga Musulunci ba. Na yi elementare, ban samu wucewa Midil ba. Turancin da nake da shi rabi a aji na tsince shi, rabi a bakin sikeli, don da na tasa sai na samu aikin akawu da wani kamfanin Turawa mai sayen gyaɗa. Aikin kaka ne kawai. Da an rufe ciniki sai a sallame mu, in koma zaman jiran wata kakar. Na ƙi wuƙar mahaifina, na ƙi fartanya, ga shi kuma ba na iya zama wuri ɗaya. In zauna a ƙofar gida, in tashi in tafi tasha, in dawo, in sake fita. Abin da nake so a duniya shi ne aikin dindindin, a ce wane ma'aikaci ne rani da damina.

A lokacin Turawa ne ke mulki, ko da yake an fara raɗe-raɗin za su tafi. Wata shekara ana gab da rufe ciniki, manajan kamfanin ya zo daga Katsina tare da wani Bature dogo, wanda aka ce malami ne a wata babbar kwaleji mai nazarin noma. Ashe kamfanin da kwalejin sun ƙulla aikin haɗin gwiwa. Kwaleji ta fitar da wani sabon irin gyaɗa, tana so ta ga yadda zai yi a ƙasarmu. Kamfani yana son gyaɗa mai yawan mai, yana kuma so manoma su saba da takin zamani, wanda muke ce wa takin Bature. Sai aka shirya kwaleji ta kawo iri da sani, kamfani ya kawo taki da lori, ya kuma saye abin da aka noma. Saura mutum guda da zai tsaya a tsakani, ya nemo gonaki, ya kai saƙon wannan ga wancan, ya yi tafinta, ya ga an bi ƙa'ida. Aka dubi akawuna aka zaɓe ni. Aka ba ni keke da wandon kaki.

Ban daɗe ba na gane mutanen nan biyu ba sa shiri. Malamin kwaleji yana ganin manaja bai san komai ba sai buhu da sikeli. Manaja yana ganin malamin ɓata lokaci kawai yake yi da igiyar awo. Don haka ba su cika haɗuwa ba, kusan duk magana ta bakina take bi. Abin ya yi mini daɗi ƙwarai. Ban taɓa zama mutumin da ake jira ba sai a lokacin.

Wata rana a Safana na tambayi malamin kwaleji, idan gyaɗar ta ƙi fa, wa zai ɗauki asarar mai gona? Ya ce wannan maganar kamfani ce, su nasu iri ne da awo. Da na ga manaja na yi masa tambayar. Ya ce shi abin da ya hau sikeli yake saye, gwaji kuwa na kwaleji ne, su za su san yadda za su yi da mutanensu. Ke nan tun ba a shuka ko ƙwaya ɗaya ba na san akwai rami a tsakiyar aikin, kuma ni kaɗai na san da shi, don kowannensu yana zaton ɗayan ya rufe. Aikina shi ne in zaunar da su wuri ɗaya in ce ga abin da ba ku daidaita ba. Amma na ji tsoron in na ta da maganar za su yi faɗa, aikin ya watse, a karɓe keke. Na yi shiru.

Neman gona ya ba ni wuya. A Safana dagaci ya ba mu wata saura a bayan gari, wadda ba wanda ya dogara da ita. Malamin kwaleji ya ce ta yi. Manaja ya ce ba ta ishe shi ba, shi yana son babbar gona a bakin hanya, inda duk mai zuwa kasuwa zai gani da idonsa ya yi sha'awar taki. Na je Yasore, aka dama mini fura, aka ce za a yi shawara. Na koma, aka sake dama mini fura. Na gane amsar. Kwanaki suna tafiya, zafi ya tsananta, gizagizai sun fara taruwa ta gabas, ni kuwa ina ta kai da kawo a kan keke ba gona. Daga nan ne zuciyata ta nufi Darini, wurin Kawu.

Kawu yayan uwata ne. Gidansa gandu ne, wato shi da 'ya'yansa maza da iyalansu duk gona ɗaya suke nomawa, rumbu ɗaya ake buɗe wa kowa. Kowane ɗa yana da 'yar gayaunarsa da yake nomawa don kansa in an tashi daga aikin gandu, amma abincin gidan daga gandu yake fitowa. Babbar gonar gandun tana bakin hanya. Ba a taɓa shuka mata abu ɗaya ba. Gero da dawa ake fara sawa, in damina ta yi nisa a bi tsakanin kunyoyi da wake, ta yadda in wannan ya ƙi wancan ya yi. Gandu kuma ba igiya ke riƙe shi ba. Muddin rumbun uba na ciyar da kowa, 'ya'ya na zaune. Ran da ya kasa, kowa zai fara duban gabansa. Kawu yana alfahari da cewa a duk yankin ba gidan da ya kai nasa yawan fartanya a gona ɗaya.

Babban ɗansa taubashina ne, tun da ni ɗan mace ne shi ɗan namiji. Tun muna yara ba ya kirana da komai sai bawa. Da ya hango ni na jingine keke sai ya ce, "A'a, ga bawana da dokin ƙarfe. Bawa, wa ya ara maka wando?"

Na ce, "Wanda ya hana ka karatu."

Aka yi dariya, aka kawo ruwa. Da na gama gaisawa da Kawu na faɗi abin da ya kawo ni, sai dariyar ta ɗauke. Taubashina ya ce gyaɗa ba ta tuwo, in Turawa gwaji suke so ga gayaunarsa nan su ɗauka, in ta lalace shi kaɗai ya yi asara. Na ce ta yi ƙanƙanta, kuma tana can cikin daji ba mai ganinta. Na san a wurinmu kawu ba ya iya kallon ɗan ƙanwarsa ya ce masa a'a kai tsaye, kuma da wannan na yi aiki. Na ce aikina ya rataya a kan gonar nan. Na ce uwata ta ce in zo wurinsa, alhali ba ta ma san na zo ba. Kawu ya ce shi sai ya ga masu abin da idonsa.

Aka haɗu a rumfar kamfani a Batsari. Ranar ce kaɗai na taɓa ganin su ukun wuri ɗaya, manaja a kan kujera, malamin kwaleji a tsaye yana fifita da hularsa, Kawu a kan tabarma da rigarsa ta zuwa suna. Hausar Turawan nan ba ta wuce gaisuwa ba. Na yi bayani, Kawu ya saurara har na gama. Sannan ya ce, "Tambaye su. Ruwa na Allah ne. In ta ƙi hwa, wa zai cika mini rumbu?"

Ga damar da nake cewa ban samu ba ta zo har gabana, ga su duka biyun a zaune. Na juya na ce musu da Turanci, tsohon yana tambaya yaushe iri zai iso. Malamin kwaleji ya ce kafin ruwan farko. Na juyo na ce, "Sun ce kada ka damu, Kawu. Su duka biyu suna bayanka."

Kawu ya dube ni. Ya ce, "To. Ni ba su na sani ba, kai na sani."

Da ruwa ya sauka aka yi shuka. Malamin kwaleji ya zo ya kafa turaku masu farin fenti a kusurwa ɗaya ta gonar, ya yanka wurin layi-layi, wani da taki wani babu. Ya ce cikin turakun nan kada a sa komai sai gyaɗarsa, don kada awonsa ya ɓaci. Wurin bai fi filin masallacin unguwa ba. Sauran gonar ba ruwansa da ita. Manaja ne ya ce sauran ma a bar ta gyaɗa zalla, don masu wucewa su ga kyanta. Ni kuwa na haɗa dokokin biyu na mai da su ɗaya, na ce wa mutanen gidan Bature ya hana a shuka komai a ko'ina. Na ga hakan ya fi sauƙin faɗi, ya kuma fi sa a ji tsorona.

Da farko abin ya yi kyau. Gyaɗa ta fito kore shar, layi a miƙe, masu zuwa kasuwa suna tsayar da jakuna suna kallo. Kusan kullum ina hanya, Batsari zuwa Darini, Darini zuwa Safana, in dawo. Taubashina ya ce in na ci gaba haka keken ne zai fara neman aikin dindindin kafin ni.

Bayan an yi noman firi, wato noman farko, sai ruwa ya ɗauke. Aka shiga fari. Ana cikin haka cutar nan da manoma ke kira kuturtar gyaɗa ta shigo, ganye ya nannaɗe ya yi rawaya, tsiro ya tsugune ya ƙi girma. Ta faro daga gefen hanya tana cin gonar a hankali.

A cikin kwanakin nan ne na ci karo da motar manaja a Safana. Ya kira ni gefe ya ce aikin ya mutu. Manyansa da manyan kwaleji sun saɓa a kan irin. Kamfani yana so a ce sabon irin nasa ne, ba mai samu sai manomin da zai sayar masa, tun da shi ya kashe kuɗin taki. Kwaleji ta ce iri na kowa ne, ba ta yi shi don kamfani ɗaya ba. Kowa ya ƙi sassautawa, kamfani ya janye. Ya ce in gaya wa mutanena su san abin da za su yi da gonarsu. Har ya shiga mota sai ya ƙara da cewa akwai gurbin akawu na dindindin da za a cike da kaka, kuma in aka rabu lafiya, ba wanda ya kai ƙara gaban hakimi ko Di'o, wato Baturen mulki, zai tuna da ni.

Daga Safana zuwa Darini ba wata tafiya ba ce a kan keke. Na kama hanyar, na yi nisa, na tsaya a gindin wata tsamiya, na juya Batsari. Washegari na sake kamawa na sake juyowa. Ina ce wa kaina in ruwa ya dawo gyaɗar za ta farfaɗo, ko ba kamfaninmu wani zai saya, ba wanda zai taɓa sanin an janye. In kuwa na faɗa, maganar za ta zaga ƙauyuka cewa Turawa sun gudu sun bar mutane, wani ya zuga Kawu ya kai ƙara, gurbin ya wuce ni. Na zama ba na cin abinci a zaune. In fito in dubi gabas, in koma ɗaki, in sake fitowa. Uwata ta tambaye ni ko zazzaɓi nake yi.

Ruwa ya dawo, aka shiga marka, amma gyaɗar da ta kamu ba ta tashi ba. Ranar kasuwa Kawu ya zo Batsari da ƙafa. Ya same ni a gaban rumfar kamfani, wadda ke rufe tun da ba lokacin ciniki ba ne. Bayan mun gaisa ya zaro wani tsiron gyaɗa daga aljihu ya ajiye a gabana, ganyen a dunƙule. Ya ce fiye da rabin gonar haka take. Ya ce ƙasa da danshi yanzu, lokacin wake bai wuce ba amma ya kusa. Yana da iri a tulu, yaransa a shirye suke, in an yarda gobe da safe za su bi kunyoyin da suka mutu su sa wake. Ko ba komai a samu na ci da harawar dabbobi. Ya ce bai so ya taɓa ba sai ya tambaya, don kada ya ɓata mini aiki.

Na san kamfanin da ya ce a bar gonar gyaɗa zalla ya tafi. Na san malamin kwaleji turakunsa kawai ya dama da su. Ba wani mahaluki a duniya da zai hana Kawu shuka wakensa a ranar sai ni.

Na ce, "Kawu, kada ku taɓa. Bature na nan zuwa awo. In ya ga wake, alkawari ya tashi, ba abin da za su ba ku."

Ya ce, "Suna nan a kan maganarsu?"

Na ce suna nan.

Ya ɗauki tsironsa ya mayar aljihu. Ya ce in gai da uwata, ba zai samu shiga ba, yana so ya koma da rana. Na bi bayansa da kallo har ya shige cikin masu awon hatsi. Na tashi kamar in bi shi, sai na tsinci kaina ina zagaya kasuwa, daga 'yan tukwane zuwa 'yan shanu, ban sayi komai ba.

Da kaka ta kusa malamin kwaleji ya zo. Ya shiga cikin turakunsa ya auna abin da zai auna, ya cika 'yan jakunkuna da ganye da ƙasa, yana cewa cutar ma abin nazari ce. Da ya fito ya tsaya ya dubi sauran gonar, kunyoyi tsirara har iyakar gani, sai ciyawa. Ya miƙa hannu ya nuna gonar da shi daga wannan gefe zuwa wancan, ya tambaye ni da Turanci, kamfani ya janye tun tuni, me ya hana mutanen nan su shuka wani abu a nan? Kawu da taubashina suna tsaye kusa da mu.

Taubashina ya ce, "Mi ya ce?"

Na ce, "Ya ce sannunku da ƙoƙari."

Amma taubashina ya ga hannun Baturen, ya ga fuskarsa, ya kuma ga tawa. Da zan tafi ya rako ni bakin hanya kamar yadda ake raka baƙo, ya ce, "Sauka lafiya, malam akawu." Tun daga ranar bai ƙara ce mini bawa ba. In mun haɗu sai ya gaishe ni gaisuwa cikakkiya, ya tambayi gida da aiki, ya wuce.

Abin da aka tona a gonar bai kai a kira lori ba. Malamin kwaleji ya ce zai yi wa manyansa maganar a taimaka wa mai gonar. Ko ya yi ko bai yi ba ban sani ba, ban sake ganinsa ba. Ƙananan gonakin gidan sun ba da ɗan gero, amma gida mai yawan baki irin wannan ba ya rayuwa da ƙananan gonaki. Tun sanyi bai fita ba rumbu ya yi ƙasa. 'Ya'yan Kawu suka watsu cin rani, abin da ba a saba yi a gidan ba. Da taubashina ya dawo bai koma gandu ba. Ya ce wa mahaifinsa a yanka masa nasa, ba zai sake jingina bakin 'ya'yansa a kan shawarar da ba shi ya yanke ba. Da babba ya fita sai ƙannen suka bi ɗaya bayan ɗaya.

An ce mutane sun ba Kawu shawara ya kai ƙara gaban hakimi. Ya ƙi, ya ce in aka bi maganar ba Bature za ta kama ba, ɗan ƙanwarsa za ta kama. Shirun nasa shi ya ba ni aikin. Manaja ya yaba mini da cewa na iya rufe magana ba hayaniya, aka ɗauke ni dindindin. Uwata ta riƙa ɗibar hatsi daga gidanmu tana aikawa Darini. Ba ta taɓa tambayata komai ba, ta dai daina cewa in raka ta can.

Na samu abin da nake so, zaman kuwa bai zo ba. Duk inda aka kai ni, da na shekara sai in nemi canji. Na yi aiki a tasoshin ciniki da dama, na yi Katsina, na dawo, na sake tafiya. In lori ya biyo da ni ta hanyar Darini nakan sami abin dubawa a ɗaya gefen. Da Sallah nakan aika wa Kawu goro da turmin yadi ta hannun wani. Yana karɓa, ya aiko da godiya. Godiyar tana ƙona ni fiye da zagi. Sau da yawa na shirya maganar da zan yi masa, amma kullum shirin yana farawa da kamfani da kwaleji da fari, ni sai can ƙarshe.

Bayan wasu shekaru, ana ta shirin karɓar mulkin kai, kamfanin da kwalejin suka shirya suka sake ƙulla wani aikin, wannan karon na auduga. Manaja sabo ne, malamin kwalejin ma wani ne. Aka duba aka ce ai akwai wanda ya taɓa yin irin wannan, aka kira ni. Da bazara aka tara manoma a Safana, a ƙofar gidan dagaci. Na yi bayani kamar yadda na yi a da, har kalmomin ma kusan su ne. Sai wani dattijo daga baya ya gyara zama ya ce a tambaye su, in ta ƙi fa, wa zai ciyar da gidansa?

Bakina ya riga ya saba, har na ɗauko maganar iri. Na tsaya. Sannan na juya na faɗa musu tambayar yadda take, na ƙara da cewa an taɓa yin wannan tambaya a Batsari ban isar ba, kuma gida guda ya watse a kanta. Malamin ya dubi manaja, manaja ya dubi malamin. Kowa ya ce ai ya ɗauka na ɗayan ne. Suka shiga musu a gaban jama'a, ni kuwa ina fassara wa manoma duk abin da suka ce, ban rage ba. Taro ya tashi ba a yanke komai ba. Manaja ya ce in same shi a Katsina, da muryar da na san ma'anarta.

Ban bi motarsu ba. Na ari keke a wurin wani mai gyara na kama hanyar Darini da tsakar rana. Na wuce tsamiyar nan ban tsaya ba.

Gonar bakin hanya tana nan, amma an yayyanka ta, layukan gamba sun raba wannan yanki da wancan. Ana sharar gona, hayaƙi na tashi nan da can. Kawu yana nasa yankin shi kaɗai, ya rame, yana watsa taki daga mangala. Taubashina yana can nasa, tsakaninsu bai fi a yi kira a ji ba. Na jingine keke, na tuɓe takalma, na je na durƙusa na gai da Kawu. Ya amsa, ya tambayi uwata, ya tambayi aiki da gajiya. Na roƙe shi ya kira mini ɗansa, don maganar ta shafe shi. Ya ɗaga hannu ya kira shi. Ya zo da manjagara a kafaɗa ya tsaya, ya ce, "Malam akawu, sannu da rana."

Duk abin da na shirya a shekarun nan ya tafi, kuma gara da ya tafi. Ban tashi daga durƙuson ba na ce:

"Kawu, ranar da ka ce in tambaye su wa zai cika maka rumbu, ban tambaye su ba. Ba wanda ya ce yana bayanka, ni na ƙaga. Uwata ma ba ta aiko ni ba. Ranar da ka zo kasuwa da tsiron gyaɗa a aljihu, na riga na san kamfani ya janye, an ce in gaya maka na ɓoye. Ba Bature ya hana ka shuka wake ba, ni na hana ka, don ina son aiki. Kai kuma ɗan'uwana, ka ba da gayaunarka na ƙi, ka tambaye ni abin da Baturen ya ce na yi maka ƙarya. Ba mahaifinka ya sa 'ya'yanka yunwa ba, ni ne, shi yarda kawai ya yi da ni. Ba ni da abin da zai mai da gonar nan ɗaya. Na zo ne ku ji daga bakina. Na cuce ku, ku yafe mini don Allah."